Yadda Ake Komawa Motsa Jiki Bayan an Daɗe da Dainawa

Da wuya a sami wanda ya zauna ya yanke shawarar daina motsa jiki. Abin da ya fi faruwa shi ne wani uzuri ya gitta: zazzaɓi ya kwantar da mutum mako biyu, ko ya yi targaɗe a filin ƙwallo, ko jarrabawa ta matso, ko azumi ya kama, ko ruwan Agusta ya riƙa sauka da asuba har fita ta gagara, ko kuma mace ta sami juna biyu ta haihu ta shiga jego. Uzurin yakan wuce, amma fitar ba ta dawowa da kanta, sai a wayi gari wata shida ko shekara ta shuɗe kambas yana ƙarƙashin gado ya sha ƙura. Ranar da mutum ya hau benen ofis ya ji yana haki tun a hawa na biyu, ko aka auna shi a asibiti aka ce jininsa ya fara hawa, ranar ce yakan ɗaura niyyar komawa, kuma a nan ne ake tafka kuskuren da ya fi kowanne yawa, wato a nemi ci gaba daga inda aka tsaya. Wanda a da yake zagaya fili sau goma yakan ga abin kunya ne ya yi uku, sai ya takura wa kansa ya cika goman, washegari ruku'u ma ya gagare shi, bayan kwana huɗu kuma ya sake dainawa da hujjar cewa girma ya kama shi. Jikin da za a yi aiki da shi shi ne na yau, da nauyinsa da rauninsa, kuma a kan wannan aka gina duk bayanin da zai biyo baya.

Abin da zama yake yi wa jiki

Juriya ce take fara tafiya. Cikin 'yan kwanaki da barin atisaye ruwan da ke cikin jini yakan ragu, jinin da zuciya take turawa a kowane bugu shi ma ya ragu, sai ya zama dole ta ƙara yawan bugawa kafin ta yi aikin da a da take yi cikin sauƙi. Bayan mako biyu zuwa huɗu mutum da kansa zai lura cewa numfashinsa ba ya kai shi inda ya saba. Ƙarfin tsoka ya fi daɗewa bai zube ba, sai dai idan kwanciya aka yi gaba ɗaya, domin ita kwanciya tana cin jiki da saurin da mutane da yawa ba su zata ba.

A shekarar 1966 masu bincike a birnin Dalas na Amurka suka kwantar da samari biyar lafiyayyu 'yan shekara 20 a kan gado har mako uku. Da aka tashe su aka auna, sai aka tarar iskar oksijin da jikinsu yake iya amfani da ita a lokacin aiki mai tsanani ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Daga nan aka sa su atisaye na mako takwas, abin da ya ɓace ya dawo. Bayan shekara 30 aka sake tara mutanen nan biyar aka auna su, aka ga cewa tsufan shekara 30 bai rage musu juriya kamar yadda kwanciyar mako uku ta rage ba. Wanda ya tashi daga doguwar jinya ya ji ƙafafunsa suna rawa tsakanin ɗaki da ƙofar gida bai kamata ya tsorata ba, haka jiki yake, kuma abu ne da yake gyaruwa.

Wanda ya taɓa horar da jikinsa ya fi sabon shiga saurin dawowa, domin tsoka da ƙwaƙwalwa ba sa manta aikin da suka saba. Sai dai sassan jiki ba sa dawowa tare. Zuciya da tsoka suna samun jini da yawa, cikin 'yan makonni suke amsawa, alhali agara da jijiyoyin gwiwa da ƙasusuwan ƙwauri sai sun ɗauki watanni kafin su sake ƙwari. Shi ya sa a mako na uku ko na huɗu mutum yakan ji numfashinsa ya saki, ya ga ai ya dawo, ya ninka nisan da yake yi, sai ƙwauri ko gwiwa ko bayan dunduniya su fara ciwo. Makonnin da mutum yake jin daɗin jikinsa su ne suka fi buƙatar ya riƙe kansa.

Dalilin dainawa shi yake nuna hanyar komawa

Idan hidima ce ko kasala ta hana fita, kuma mutum ba shi da wata larura, zai iya fara tafiyar ƙafa yau ɗin nan ba tare da jiran kowa ba. Amma wanda ya haura shekara 40 kuma ya daɗe a zaune, da mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya ko na ƙoda, da duk wanda yakan ji ƙirjinsa ya riƙe idan ya yi sauri, ko ya taɓa suma yana aiki, ya fara da ganin likita. Awon hawan jini ba ya cin lokaci, kuma ana yin sa a asibitin unguwa da manyan shagunan magani. Idan aka auna sau da yawa ana samun 140/90 ko sama da haka, hawan jini ne, kuma tafiyar ƙafa tana cikin abubuwan da suke taimakawa wajen saukar da shi, tare da maganin da aka rubuta, wanda ba a ajiye shi don an fara atisaye. Idan kuwa awon ya kai 180/110, a bar maganar fili tukuna har sai likita ya daidaita shi. Mai ciwon suga da yake allurar insulin ko shan ƙwayoyin da suke saukar da suga sosai ya riƙa fita da dabino ko sukari a aljihu, saboda jiri da karkarwa da gumi mai sanyi alamun suga ya faɗi ne, sannan ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu bayan kowace fita, tun da ƙaramin rauni a ƙafar mai suga ba ya saurin warkewa.

Game da zazzaɓi, akwai maganar da ta yaɗu tsakanin matasa cewa idan an ji jiki ya yi zafi a je a buga ƙwallo gumi ya fitar da cutar. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma yana da haɗari. Jiki mai zazzaɓi ya riga ya rasa ruwa, zuciya tana bugawa fiye da ƙa'ida, wasu ƙwayoyin cuta masu kawo mura mai tsanani kuma suna iya kumbura tsokar zuciya, wanda gudu a wannan hali yake ƙara wa muni. Maleriya tana fasa jajayen ƙwayoyin jini, saboda haka ko bayan an gama shan magani jini yakan kasance bai cika ba, shi ne dalilin kasala da hakin da suke biyo baya. A jira zazzaɓin ya sauka gaba ɗaya na 'yan kwanaki ba tare da taimakon farasitamol ba, cin abinci ya dawo, sannan a fara da tafiyar minti goma a hankali. Bayan taifot ko doguwar kwanciya a asibiti jiran ya fi haka tsawo, bayan tiyata kuwa wanda ya yi aikin ne yake da ikon cewa an kai lokaci.

Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da jinin AS, wato ya gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayensa kawai. Mafi yawansu suna motsa jiki lafiya ƙalau, amma gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa, musamman ga wanda ya daɗe bai yi ba, yana iya jawo musu matsala, don haka su fi kowa kula da shan ruwa da hutawa tsakanin zagaye. Mai sikila kuwa, wato SS, ya tsara abin da zai yi tare da likitansa, ya tsaya ga mai sauƙi.

Wanda rauni ya tsayar da shi ya sani cewa tafiyar ciwo daban, dawowar ƙarfi daban. Idon sawun da ya yi targaɗe yakan daina ciwo tun kafin jijiyoyinsa su yi ƙwari, kuma ƙafar da aka ɗaure bayan karaya, a asibiti aka ɗora ta ko wurin mai ɗori, takan fito siririya saboda tsokar ta zube. Kafin a yi maganar gudu, mutum ya gwada kansa a tsakar gida: ya yi tafiya ba ɗingishi, ya tsaya a kan ƙafar da ta ji ciwo ita kaɗai na rabin minti, ya yi ɗage a kanta ya sauka sau goma, sannan ya ɗan yi tsalle a kanta. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya gagara ko ya tayar da ciwo, ƙafar ba ta shirya ba, kuma waɗannan gwaje-gwajen su ne atisayen da za a riƙa yi kullum har ta shirya. Idan an yi makonni ba ci gaba, a nemi likitocin gashin ƙashi, waɗanda ake kira fisiyo, akwai su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma a yi dubu ba a fito ba, kuma raunin da aka fama kafin ya warke yakan fi na farko daɗewa.

Maganar mai jego ta fi buƙatar natsuwa. Idan haihuwa ta zo da sauƙi, tafiya a hankali cikin gida tun kwanakin farko tana da amfani, haka ma matse tsokar ƙasan mara, wato mace ta matse kamar mai riƙe fitsari na daƙiƙa biyar ta saki, sau goma, sau biyu ko uku a yini. Dubawar da ake yi a asibiti bayan mako shida ta zo kusan daidai da arba'in, kuma a nan ya dace ta tambaya ko za ta iya fara tafiya mai sauri. Wadda aka yi wa aiki aka ciro jariri ta guji ɗaukar abu mai nauyi kamar bokitin ruwa, da duk atisayen da yake matsa ciki, har sai an ba ta izini. Idan jini ya ƙaru bayan motsa jiki, ko fitsari yana zubowa idan ta yi tsalle, ta rage ta kuma faɗa wa ma'aikaciyar lafiya ba tare da jin nauyi ba, domin abu ne da ake magancewa. Akwai kuma abin da bai kamata a yi shiru a kansa ba a nan Zariya: tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na garin nan suka yi rubuce-rubuce a kan ciwon zuciyar da yake kama mata bayan haihuwa, wanda ya yawaita a wannan yanki. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki a kan ɗan ƙaramin aiki, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina da matasai saboda numfashi, ba rashin motsa jiki ke damun ta ba, kuma tattaki ba zai gyara ta ba. A kai ta asibiti a ranar.

Makonnin farko

Shawarar da nake bayarwa ita ce a dubi tsawon zaman. Wanda ya yi mako biyu bai fita ba ya ɗan rage kaɗan a fitarsa ta farko da ta biyu. Wanda ya yi wata guda ko biyu ya fara da rabin abin da ya saba. Wanda ya wuce wata uku ya ɗauki kansa sabon shiga, ko da kuwa a da shi ne yake jan gaba a filin, kuma zai ga cewa matakan da sabon shiga yake daɗewa a kansu shi zai wuce su da wuri.

Ga mai farawa daga tushe, tafiyar minti 15 zuwa 20 sau uku a mako, da hutun kwana guda a tsakani, ta isa mako biyun farko. Minti biyar na farko a tafi a hankali jiki ya ɗumama, sannan a ɗaga ƙafa. Ma'aunin saurin da ake nema yana bakin mutum: idan ka haɗu da dattijon unguwa a hanya ka iya gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, ba tare da numfashi ya katse maka magana ba, amma ka san ba za ka iya rera waƙa ba, to kana kan daidai. Idan kalma ɗaya ko biyu kawai kake iya fitarwa, ka wuce gona da iri, ka sassauta. Mai son lissafi ya ƙirga takunsa, wajen taku 100 a minti guda shi ne tafiya mai sauri ga yawancin manya. A tashi daga kowace fita da sauran ƙarfi a jiki, yadda mutum zai ji da an ce ya ƙara zai iya.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Minti 150 shi ne rabin awa sau biyar a mako. Wannan wurin da za a je ne cikin mako shida zuwa takwas, kuma ba dole ba ne a yi rabin awar a jere, minti 15 bayan sallar asuba da 15 bayan la'asar duk suna shiga lissafi. Abin kiyayewa shi ne a ƙara abu ɗaya a lokaci ɗaya. A fara ƙara minti biyar a kan kowace fita duk mako har a kai rabin awa, sannan a ƙara yawan kwanaki, sauri shi ne na ƙarshe. Wanda ya ƙara nisa da sauri da kwanaki a mako guda, idan gwiwa ta yi ƙara ba zai san wanne ne ya jawo ba.

Ba a fara gudu sai an iya tafiyar rabin awa da sauri ba tare da ciwo a ranar ko washegari ba. Daga nan a gauraya: sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu, a maimaita sau shida zuwa takwas, duk mako ana tsawaita sassarfar ana rage tafiyar. Ƙasa da ciyawa sun fi kwalta sauƙi ga gaɓoɓi. Takalmi kuma ba sai mai tsada ba, kambas na gwanjo daga kasuwar Sabon Gari ya wadatar idan tafinsa bai cinye ta gefe guda ba kuma akwai sarari kamar faɗin babban yatsa a gaban yatsun ƙafa. Silifas dai ba na wannan aiki ba ne.

Ƙwallo ita ce ta fi jefa magidanta cikin wahala, saboda a fili ba mutum ne yake zaɓar saurinsa ba. Abokai suna kirari, ana tuna masa yadda yake yanka 'yan baya a da, sai ya zabura bayan ƙwallo da jikin da ya shekara a kujerar ofis, tsokar bayan cinya ta yage ko agara ta tsinke. Mai son komawa ƙwallo ya yi wata guda yana sassarfa, ya ƙara da gajerun gudu masu sauri da juye-juye shi kaɗai, ranar da ya shiga wasa kuma ya ɗumama jiki na minti goma, ya buga minti 15 ko 20 ya fito, ko da ana roƙonsa ya tsaya.

Ƙarfafa tsoka ba ya buƙatar kuɗin shiga gidan motsa jiki. A zauna a kujera a tashi ba tare da dafa gwiwa ba, a dafa bango da hannu biyu a riƙa kai ƙirji kusa da shi ana turawa baya, a hau dakali ko matakala a sauka da ƙafa ɗaya bayan ɗaya, a yi ɗage a sauka. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, don haka jarka mai lita huɗu ko biyar ta isa a riƙa ɗagawa, kuma ana iya rage ruwan ko ƙara shi gwargwadon ƙarfi. Kowanne a yi sau 8 zuwa 12, a huta, a sake, kwana biyu a mako waɗanda ba sa jere. Masu ɗaga ƙarfe su koma da rabin nauyin da suka bari, kuma su fitar da numfashi lokacin ɗagawa, domin riƙe numfashi ana yunƙuri yana harba hawan jini sama. Iyayenmu da suka kai shekara 65 su ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako, kamar tsayuwa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango, saboda yana rage faɗuwa.

Tsamin jiki da ciwon da ake tsayawa dominsa

Tsami ba makawa zai zo. Yakan fara washegari, ya fi tsanani tsakanin kwana ɗaya zuwa uku, yana cikin naman tsoka a ɓangarorin jiki biyu, kuma yana sassautawa idan an ɗan motsa. Maganinsa tafiya a hankali, barci isasshe da abinci mai gina jiki, wanda ba sai an nemi na gwangwani ba, wake da ƙwai da awara da gyaɗa da kifi da nono sun isa. Ciwon da yake a wuri guda cikin gaɓa ko a kan ƙashi, mai suka, wanda yake ƙaruwa da tafiya ko ya kawo kumburi da ɗingishi, wannan rauni ne, a huta masa, idan ya wuce mako guda a je a duba.

Ɗabi'ar shiga kemis a haɗo maganin ciwon jiki don a iya fita gobe tana damu na ƙwarai. Magunguna irin su diklofenak da ibuprofen suna iya taɓa ƙoda idan jiki ba ruwa, suna kuma tayar da gyambon ciki, sannan suna rufe ciwon da yake gargaɗin a tsaya. Taramol kuwa hanyar kamuwa da shaye-shaye ce, babu ruwansa da atisaye. Idan bayan atisaye mai tsanani tsoka ta kumbura da azababben ciwo kuma fitsari ya koma baƙi-baƙi kamar ruwan shayi mai kauri, alamar tsoka ta farfashe ce kuma ƙoda tana cikin haɗari, a tafi asibiti nan take. Haka nan ciwon ƙirji, ko wanda yake sauka kafaɗa da hannun hagu, ko jiri, ko bugun zuciya da ya rikice, a tsaya a inda ake a nemi taimako.

Lokaci da wuri

A watan Maris da Afrilu zafin Zariya yakan kusanci digiri 40, kuma jikin da ya daɗe a zaune yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba aiki cikin zafi, saboda haka a bazara fita ta tsaya tsakanin asuba da hantsi, ko dab da magariba. A sha ruwa kafin a fita, a riƙe leda ɗaya ko biyu ta ruwa a hannu, a kuma duba launin fitsari, idan ya yi ja ruwa bai isa ba. A hunturu matsalar sanyi ce da ƙura: a tsawaita ɗumama jiki, ranar da hazo ya sauka sosai a yi atisayen a cikin gida, mai asma kuma kada ya fita ba abin shaƙarsa a aljihu. Da azumi ba lokacin ƙara nauyi ba ne, riƙe abin da ake da shi ya isa, da tafiya mai sauƙi dab da shan ruwa ko awa ɗaya zuwa biyu bayan buɗa-baki.

Wurin da ya fi dacewa shi ne wanda ya fi kusa da gida. Mazauna Samaru da Kongo suna da hanyoyin cikin jami'a masu inuwa, na cikin birni da Tudun Wada da Sabon Gari kuma ba sa rasa filin makaranta ko layin da ba cunkoso da sassafe. A guji bakin manyan tituna irin na Kwangila, inda hayaƙin tireloli da gudun babura suka yi yawa, idan kuma dole ne a bi titi a riƙe gefen da ake fuskantar motoci masu tahowa. Fita cikin duhu mutum shi kaɗai da waya a hannu ba dabara ba ce, a jira gari ya waye ko a fita da abokin tafiya. Dutsen Kufena yana jan hankalin matasa, amma a bar shi sai an yi wata biyu ana tafiya, kuma a sani cewa saukowa ta fi hawa gajiyar da gwiwa. Matan da fita ba ta yi musu sauƙi ba za su iya cika minti 20 da zagayen tsakar gida, hawa da saukar dakali da zauna-tashi, ko su haɗu da maƙwabta biyu ko uku a gida ɗaya bayan yara sun tafi makaranta. Maigida da ya ƙarfafa wa iyalinsa gwiwa a kan haka, ya kuma riƙe jariri na wannan ɗan lokaci, ya taimaki gidansa.

Idan an sake tsayawa

Za a sake tsayawa, domin biki da rasuwa da tafiya da rashin lafiyar yara ba sa ƙarewa. Wani bincike da aka yi a Landan aka buga a 2009 ya nuna cewa sabuwar ɗabi'a takan ɗauki wajen kwana 66 kafin ta zauna, wasu ƙasa da haka wasu fiye sosai, kuma tsallake rana guda bai rushe ta ba. Abin da yake taimakawa shi ne a ɗaure fitar da wani abu da ba ya tashi, kamar dawowa daga masallaci da asuba ko kai yara makaranta, a ajiye takalmi a bakin ƙofa tun da dare, a kuma sami mutum ɗaya da zai ƙwanƙwasa ƙofa idan bai ga fitowa ba. A tanadi kuma ƙaramin abin da za a yi a ranar da komai ya cuɗe, ko da tafiyar minti goma ce. Sikeli ba ya saurin motsawa, don haka a makonnin farko a auna ci gaba da raguwar haki a kan matakala, da daɗin barci, da bugun zuciya da safe kafin a sauka daga gado, wanda ake ƙirgawa a wuyan hannu na rabin minti a ninka biyu, kuma yakan ragu a hankali yayin da juriya take dawowa. Ranar da aka rasa ba a rama ta da ninki washegari. Wanda ya rasa mako guda ya maimaita abin da ya yi a makonsa na ƙarshe, wanda ya rasa biyu ko uku ya koma baya da mataki biyu, idan kuma rashin lafiya ce ta tsayar da shi ya sake bin ƙa'idar jira har zazzaɓi ya sauka kafin ya ɗaura takalmi.